Kaset Na Talatin da Tara

Teburina na ƙarƙashin wani bene a Dilimi,
tsakanin mai gyaran caja da mai shayi.
Laftof guda, fuskarta a tsage ta hagu,
benci, lema, da igiya mai baki huɗu.
Sana'ata tura waƙa.
Kawo ɗari biyar, in cika maka memori har wuya.

Ran Talata, sanyin Jos na cizon yatsu,
Baba Inuwa ya dire buhu a gabana:
kaset arba'in da uku,
guzurin shekara talatin yana tuƙa tifa
daga Bukur zuwa Barikin Ladi.
Tifar an sayar. Rediyonta ya bi ta.

Ya ɗaga memorin sama yana ƙanƙance ido,
bai kai farcen ƙaramin yatsansa ba.
"Wai duk a nan za su kwana?"
Na ce, Baba, matse su ake yi.
Ka san tumatirin Faringada in an shanya,
kwando ya koma mudu,
miya kuma ba ta fasa ja ba.
Na'ura na zubar da abin da kunne ba zai yi cigiya ba.

Kwana uku ina naɗe zare da biro,
ina liƙa wanda ya tsinke,
garaya, kukuma, kalangun 'yan dambe,
kowa na rage masa kaya, na rubuta masa suna,
na jera su kamar fasinja.

Na talatin da tara ba shi da suna.
Mace ce, ba kiɗa, ba amshi,
tana rera wani abu can ƙasan maƙoshi,
bayanta kuwa shuuu, da ƙwas-ƙwas, da tari.
Na ce yau zan nuna gwaninta.
Na tace, na kankare, na goge,
har muryar ta fito tas kamar sabon faranti.
Minti goma sha ɗaya, mega biyu kacal.

Bayan Juma'a ya dawo,
'yar rediyon na lilo a wuyansa.
Bai zauna ba.
"Yaro, ina ruwan?"

Wane ruwa, Baba?

"Ranar ƙanƙara aka yi.
Kwanon ɗakinmu na yoyo a Gangare,
Kande ta sa roba a tsakiyar gado.
Ƙwas-ƙwas ɗin nan, robar ce.
Tarin da ka cire nawa ne,
dariyar da ta biyo baya ni take wa.
Yanzu ka bar ta tana dariya ita kaɗai
a ɗakin da ba kowa."

Mai shayi ya daina kaɗa cokali.

Na ɗauko kaset ɗin, na mai da shi farko,
ban taɓa komai ba.
Ruwa ya sauko, robar ta fara cika.
Memori ya ce ba wuri.
Na ce, Baba, sai an sauke wasu.
Ya ce sauke 'yan damben,
sun daɗe suna cin kuɗina.

Waƙa goma sha bakwai na sauke
kafin Kande ta shiga da ruwanta.

Ya miƙo kuɗi, na ce a bar shi.
Ya ajiye kan laftof, ya danne da biro,
ya haura wajen Taminus,
rana tsaka, sama ba ko gajimare,
ƙanƙara na zuba a ƙirjinsa.