Matakala Arba'in da Bakwai

A Valparaíso gidaje kan hau kan juna
kamar awaki a jikin dutse,
ja, shuɗi, ruwan ɗorawa,
kuma kowace hanya ƙarshenta matakala.
Nan aka haifi yayata Leontina,
wadda ƙafafunta suka yi shiru tana 'yar shekara tara,
ranar da birki ya tsinke wa motar kifi a gangaren unguwarmu.

Ni ne ƙafar. Haka take gabatar da ni:
"Ga ƙanena Evaristo, ƙafafuna na haya,
ban taɓa biyansa ba."

Jitarta ta farko ta wani ma'aikacin jirgin ruwa ce,
ya bar ta jingina a shagon babanmu
kan kuɗin taba da burodi, bai dawo ba.
Tsirkiya biyar gare ta, ta shida ta tsinke.
Shekara biyu tana ɗora waƙa a kan biyar ɗin,
da aka sayo ta shidan
sai ta ce ta cika surutu.

Mashayar da ta fara ba ta fili
matakalarta arba'in da bakwai.
Na ƙirga, don a bayana take,
hannunta a wuyana, numfashinta a kunnena,
tana bitar baitin da ke kufce mata.
In sauko in ɗauki keken,
in sake saukowa in ɗauki jita da lasifika.
Mutum goma sha ɗaya suka zo.
Uku danginmu ne.

Wani mai kamfanin faifai ya taso daga Santiago
da takalmi mai ƙyalli da murmushin dillali.
Ya ce murya kam ta yi, amma a bangon faifan
keken za a sa gaba, a rubuta "jaruma".
Ta ce: "Waƙoƙina goma sha biyu ne,
tara a kan teku,
biyu a kan wani mutum da bai cancanta ba,
ɗaya a kan kuɗin haya.
Wacce ka saurara?"
Bai ƙarasa shayinsa ba.

A ɗakin girkinmu muka naɗi faifan,
barguna a taga, firji a kashe.
In ka kasa kunne a waƙa ta huɗu
za ka ji haushin karen maƙwabta
da kukan jirgi can a tasha.
Ɗari uku muka buga. A bakin kasuwa ta sayar,
tana ba da canji daga gwangwanin madara.

Ba kullum zama da ita ke da daɗi ba.
Akwai sanyin da kafaɗunta suka ƙi,
yatsu suka kumbura, ta jefe ni da kofi,
ta ce ta gaji da zama kaya a bayan mutum.
Wata huɗu jitar na ƙarƙashin gado
tana tara gashin kyanwa.
Ban ce uffan ba. Na share fasassun kofin,
na ci gaba da kai mata miya.

Ranar da likita ya ce bayana ya gama aiki
ta kira mai mashaya, ta ce hawa ya ƙare.
"Mai son ji ya sauko."

Daren Asabar ta kafa kekenta a gindin matakalar,
na jawo wuta daga shagon mai aski.
Suka zo, suka zauna hawa-hawa,
masu sayar da kifi da ƙarnin bai bar hannunsu ba,
ɗalibai, direbobin bas,
har mutumin nan da bai cancanta ba, can sama, da furfura.
Arba'in da bakwai, babu wadda ba kowa a kanta.

Na tsaya gefe, hannuwana babu komai,
na rasa inda zan ajiye su.
Ta ɗaure tsirkiya, ta ɗago, ta dube ni,
ta ce a lasifika:
"Evaristo, ka tare wa mutane. Zauna."