Ranar Da Muka Naɗe Kafet

Wata uku tari ya hana Inna Dudu barci.
Likita ya saurari ƙirjinta, ya ajiye biro,
ya ce, "Magani kam zan rubuta,
amma ku je ku duba ɗakin da take kwana."

Ran Asabar muka kira Manu daga Jekadafari,
mai wankin kafet, mai ɗan ɗingishi.
Ya zo da burushi biyu da omo a leda,
ya tsuguna, ya shinshina gindin bango,
ya ce, "Damina nawa wannan ya yi a kwance?"
Muka ƙirga. Goma sha ɗaya.

Muka janye kujeru, mu huɗu muka kama.
Ya fi nauyi a kan ranar da aka shigo da shi.
Siminti ya yi gumi, fumfuna ta yi fure,
kyankyasai suka watse kamar 'yan caca sun hango 'yan sanda.
Ga tsabar shinkafar sunan Bappa, wanda yanzu yake aji shida,
ga allura, ga maɓalli, ga naira ɗaya ta ƙarfe
wadda ko ashana ba ta saye.
Ga ɗan kunnen Adda Hajjo,
wanda aka sallami mai aiki a kansa.
Adda ta juya shi a tafin hannu, ta daɗe tana kallo.
Yarinyar tana Kumo yanzu, da 'ya'ya uku.

Manu ya rataye shi a katanga, ya ɗauki sanda.
"Duka ake farawa da shi," in ji shi,
"ƙasa in ta sha ruwa, laka take komawa."
Ya yi ta jibga har kajin maƙwabta suka bar bakin ƙofa.
Famfo ya yi yaji, ruwan Dadin Kowa bai iso ba,
muka sayi kura biyu wajen mai ga-ruwa.
Ruwan farko ya fita baƙi ƙirin,
na biyu kamar shayi babu madara,
a na huɗu furanni suka buɗe ido.
Ashe ja ne.
Mun daɗe muna ce masa ruwan ƙasa.

Ni aka miƙa wa tsani.
Ƙofofin iska uku ne sama da taga,
Baba ya toshe su da jarida
shekarar da sauro ya hana kowa sakat.
Na zaro takardar, ta marmashe a yatsuna.
Bayanta gidan zanzaro, da ƙwan tsaka biyu,
da saƙar gizo mai kaurin bargo.
Na kankare, na wanke ragar, na mayar da ita.
Iska ta shigo babu sallama,
ta ɗaga kalanda, ta kaɗa labule,
ta zagaya ɗakin kamar mai neman wanda ta bari.

A waje Manu yana fama da tabo ɗaya,
shuɗi, girman tafin jariri,
inda tawada ta zube wa Baba
daren da yake lissafin buhunan Tudun Hatsi.
Ya sa gishiri, ya matsa lemun tsami.
Inna ta fito tana dafa bango.
"Bar nan."
"Zai fita, Inna, in na ƙara hannu."
"Na san zai fita."
Manu ya ɗage burushi, ya koma ɗaya gefen.

Da zai tafi ya ce kwana uku sai ya sha rana,
a riƙa juya shi, kada a shigar da shi da danshi.
Daren nan Inna ta kwanta a tabarma.
Ina falo, kunnena yana ɗakinta.
Tari ɗaya. Can an jima, na biyu.
Daga nan shiru ya yi tsawo har na tsorata,
na tashi, na laɓe a bakin ƙofa.
Labule yana motsi.
Tana ɗan minshari.