Jinkar Gidan Fusae

A Okutani, can cikin duwatsun Japan,
dusar ƙanƙara takan kai ƙugu,
jinkar gidan Fusae kuwa rabonta da gyara shekara talatin.

Baƙi na zuwa mota-mota,
su ɗaga waya, su ce, "Kai, kamar zane!"
Ba mai ganin bokitin da ta tara wa yoyo,
ko safa uku-uku da take kwana da su.

Hukuma ta ce kar a taɓa taga,
itacen na tarihi ne.
Fusae ta ce, "Gwiwata ma ta tarihi ce,
wa ya zo duba ta?"

Da, gayya ake yi:
mutum ɗari a kan rufi guda,
kafin la'asar an ɗaure shuci, an sha shayi.
Yau garin mutum sha tara ne,
makaranta ta koma shagon tsaraba.

Sai bana jikanta Genzo
ya dawo daga Osaka da mata da goyo.
Bai iya ɗauri ba, tafinsa duk bororo.
Tsohuwa na ƙasa, tana nuni da sanda:
"Ja da ƙarfi, yaro! Ciyawa ba surukarka ba ce!"

Da dare, a bayan tsohuwar tagar,
suka kafa wata ta gilashi,
inda idon baƙo ba ya kai.
Jaririn ya kwana ba tari.
Fusae ta cire safa ɗaya.