Matakala ta Tamanin

A Valparaíso gidaje a kan tudu suke,
matakala ɗari da sha biyu daga ƙofata zuwa tasha.
Na san adadinsu don kullum a guje nake.

A ta tamanin Don Eleuterio yake zama,
jakar burodi a cinya, yana jiran numfashi ya komo.
Tun rasuwar Clorinda bai sake taɓa ragar kifi ba.
Nakan ɗaga masa hannu in ce "sai gobe",
goben da ba ta da ƙafa.

Ran Lahadi na makara,
ƙararrawar majami'a tana kira daga ƙasa,
sai ya ce, "Yarinya, yau shekara guda cif."

Na zauna. Simintin da sanyi.
Ya ba ni labarin miyarta mai yawan gishiri,
ya yi dariya har ya share ido da hula.
Na ce yaran unguwa ba su iya ƙulla raga ba,
wa zai koya musu in ba shi ba?

Ban ji wa'azi ba ranar.
Amma Yesu, kai da ka tsaya wa makaho
alhali taro na gaggawa,
na san inda ka zauna da safen nan:
tsakaninmu, da ɓarɓashin burodi a gwiwa.