Mun Naɗe Tabarma

Yau na goge allon da ke jingine a soro,
amma na bar harafin ƙ ɗinki, Lubaba,
ƙugiyarsa ta juya baya
kamar akuya ta yi fushi.

Da makon ruwa muka fara.
Kika jefa cokali a bokiti, ya nutse,
murfin kwalba ya ƙi,
sai kika jefa makullin babanki.
Ranar ya makara zuwa Kantin Kwari.

Makon launi muka hau adaidaita zuwa Ƙofar Mata.
Marini ya tsoma miki ƙyalle a karofi,
ya fito kore, iska ta mai da shi shuɗi.
Kika ce ashe iska ma ta iya rini.

Waken da muka shuka a gwangwanin madara
ya kama igiyar shanya yana hawa.
Ba mu koya masa ba.

Ƙidaya kuwa, har yanzu
daga shida sai takwas.
Na ƙyale bakwai, za ta zo da ƙafarta.

Satumba za ki sa yunifom,
wata ce za ta riƙe miki hannu.
Na naɗe tabarma,
kika warware,
kika ce, "Mama, zauna. Yau ni ce malama."