Jinyar Kifi a Mamobi

Shekara talatin uwata na bandar kifi a kasuwar Nima,
hayaƙi ya zauna a zanenta kamar ɗan hayar da ya ƙi tashi.
Ni kuwa ɗanta, mai aski,
na hau mota zuwa Kaneshi, na ƙirga sidi tamanin,
na dawo da kifi huɗu a leda,
irin waɗanda ba a ci.

Ta leƙa akwatin gilashin, ta taɓe baki:
"Mumuni, su duka ba su kai miyar gwauro ba."

Kwana tara suna kai da kawo cikin ado,
jajaye biyu, baƙi ɗaya mai fitattun idanu,
da wata fara mai jan jela kamar ta aro mayafi.
Duk wanda ya zauna jiran layi sai ya barbaɗa musu abinci.
Ni ma ina barbaɗawa.
Na ɗauka so ke nan.

Ran na goma ruwan ya koma na wankin shinkafa.
Farar ta sauka ƙasa, ta tsuke jikinta,
ɗigo-ɗigo sun feso mata kamar an watsa gari,
tana goga gefenta da dutse
yadda akuya ke yi da bango.

Ta ina ake tambayar kifi inda ke masa ciwo?
Ba ya tari, ba ya nishi,
in ma ya yi hawaye, wa zai tsince su a ruwa?

Na kira Nii Okai, wanda ya sayar mini.
Ya yi dariya, sannan ya daina.
"Ba yunwa ke kashe su ba, ƙoshi ne.
Ruwan famfo, bar shi ya kwana a bokiti.
Kwashe ɗaya bisa uku, kada ka juye duka.
Gishiri kaɗan. Shuɗin magani, ɗigo biyar."

Yatsuna suka rine kamar na ɗan marina.
Masu aski suna kallon hannuna kafin su ba ni kansu.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Ɗan injin iska ya yi tsit.
Na haska waya:
duka huɗun sun taso sama,
bakuna a buɗe, suna roƙon abin da ban iya sayowa ba.
Na ɗauki kofi, in ɗiba, in ɗaga, in tsiyayo,
kamar mai shayin bakin titi,
in ɗiba, in ɗaga, in tsiyayo.
Sauro ya ci rabonsa a ƙafata.
Kafaɗa ta mutu, na sauya hannu.
Har ladanin masallacin kan kwana ya gyara murya.

Ba farar ce ta tafi ba.
Baƙin ne, wanda ko sau ɗaya ban yi wa duban mara lafiya ba.
Na same shi a kife, yana juyawa a hankali.

Uwata, wadda wuƙarta ta farke cikin dubbai,
ita ta tsamo shi da cokali,
ta naɗe a ganyen da ake zuba wake da shinkafa,
ta tona gindin darbejiya da yatsa biyu.
Ba ta ce komai ba.
Da la'asar sai ga ƙullin gishirin Ada a kan teburina.

Yau kwana goma sha shida.
Ɗigon nan sun kakkaɓe ɗaya bayan ɗaya,
jelar dai ta yage, ba ta cike ba tukuna.
Na manna takarda a gilashi: KADA KOWA YA BA SU KOMAI.

Kullum da safe, kafin ta hura wuta,
tsohuwa kan biyo, wai canji take nema.
Sai ta sunkuya, hancinta dab da gilashi,
ta tambaya ba tare da ta dube ni ba:
"Wannan farar, ta ci kuwa?"