Sabulu Mai Ƙugiya

A garken awakin Inna Habsu, can Tawa,
ƙyauren ba itace ba ne, ba kara ba.
Allon ƙarfe ne, shuɗi, mai sheƙin samira,
wanda ya sauko daga goshin kantin Nasara
shekarar da kamfani ya naɗe tabarma.

Tsatsa ta ci gefe, ta bar tsakiya.
Ga mace fara, ta ɗaga sabulu sama,
bayanta bututu uku na aman hayaƙi,
ƙarƙashinta wani ƙarfe mai baki biyu
da igiya ta nannaɗe.

Wanda ya zana shi a bakin teku ya girma.
Wai ƙarfen nan anga ce, turken jirgin ruwa,
nufinta: riƙe mu, ba ma kuɓucewa.
Hayaƙin kuwa, wai arziki ne ke tashi.

Mu nan Adar, ina muka ga teku?
Kakana Tsahiru ya tsaya, ya karkata hula,
ya ce: "Wannan ai ƙugiya ce
ta ciro guga in ya faɗa rijiya.
Amma wa ya cinna wa gidan baiwar Allah wuta,
take tsaye tana murmushi?"

Sunan da ke rubuce, ba bakin da ya taɓa kira.
Haruffa tara suka yi ta gadi a banza.
"Ba ni mai ƙugiya na tamma biyu,"
haka mata ke cewa ta taga,
don abin da ya ceto guga
ba a zarginsa da cuta.
Akawu ya rubuta wa manyansa: talla ta ci.

Yau ni ke riƙe da buroshi a bakin tasha.
Na zana wa wanzami kai, mai walda tartsatsi.
Jiya wani mai albasa daga Galmi
ya ce in yi wa buhunansa alama, za su Abijan.
Na zana masa rijiya da wasaki.
Ya ce: "Mutanen can famfo suka sani,
za su ce turmi ne."
Na ce: "Bar su. Su za su raɗa masa suna."

Da maraice na bi ta gidan Inna Habsu.
Wani bunsuru na susar ƙaho da angar,
farar matar na nan, hannu a sama,
ba ta gaji ba.